Mutum ashirin sun kafa kulob ɗin taimakon al'umma: wane aiki za su iya riƙewa?

Ɗan Auta:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Ina son manyanmu su warware mana wata magana. Idan mutum ashirin ko talatin suka haɗu suka kafa kulob na aikin sa-kai irin su Rotary ko Lions, da wane aiki ya kamata su fara? Wasu sun ce rijiyar burtsatse, don ita ce ake gani da ido. Wasu sun ce duba ido da rabon tabarau. Akwai kuma masu cewa harkar duk ta masu hali ce, a haɗu a otal a ɗauki hoto a watse. Ina gaskiyar take?

Tsohon Magatakarda:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Bari in fara da zargin, domin yana da tushe. Rotary ba da niyyar taimakon jama'a aka kafa ta ba. Ranar 23 ga Fabrairu 1905 wani lauya mai suna Paul Harris ya zauna da mutum uku a wani ofis a birnin Shikago na Amurka: Silvester Schiele mai sayar da kwal, Gustavus Loehr injiniyan ma'adinai, da Hiram Shorey tela. Abin da suke nema shi ne abota da ciniki a tsakaninsu, shi ya sa suka sa ƙa'idar mutum ɗaya daga kowace sana'a, don kada a yi kishiya a cikin gida. Sunan ma daga zagayawar da suke yi ne, yau a ofishin wannan, wani makon a na wancan.

Sai a 1907 suka juya ga gari, kuma abin da suka fara fafutuka a kai shi ne a gina makewayin jama'a a tsakiyar Shikago. Ku lura da wannan. Ba gini ne da wani zai so a rubuta sunansa a jiki ba, amma shi ne abin da masu zirga-zirga a birnin suka rasa.

Lions kuwa Melvin Jones ne, ɗan kasuwar inshora, ya tara ƙungiyoyin 'yan kasuwa ranar 7 ga Yuni 1917, shi ma a Shikago, yana cewa haɗuwa don ciniki kawai ba ta isa ba. Sun yi shekara takwas kowane reshe na taɓa abin da ya ga dama, har 1925 da Helen Keller, wadda ba ta gani ba ta kuma ji, ta tsaya a babban taronsu a jihar Ohayo ta roƙe su su rungumi yaƙi da makanta. Daga nan aka san su da ido har yau. Farar sandar makafi ma wani ɗan Lions ne a garin Peoria, George Bonham, ya yaɗa ta a 1930.

Hajiya Ma'aji:
Alhaji, ka tsallake wani yanki na tarihin. Fiye da shekara tamanin Rotary ba ta karɓar mata a matsayin mambobi. Wani reshe a garin Duarte na jihar Kalifoniya ne ya shigar da mata, uwar ƙungiya ta ƙwace masa takardar shaida, aka je kotu, Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a 1987 cewa ba za a hana su ba. A 1989 aka buɗe ƙofa a duk duniya. Lions ma a 1987 ta fara karɓar mata. Na kawo wannan ne don ya shafi tambayar yaron nan kai tsaye: kulob da babu mata a ciki zai je binciken buƙatar ruwa ya tambayi maza, alhali a wurare da yawa mata da yara ne ke ɗibar ruwan.

Tsohon Magatakarda:
Gaskiyarki Hajiya, na karɓi gyara.

Injiniyan Ruwa:
To ni kan rijiya zan tsaya, kuma ra'ayina shi ne sabon kulob kada ya fara da ita. Ba don ba a buƙatarta ba. Haƙa rijiya mako ɗaya ne ko biyu, riƙe ta kuwa aikin shekara goma ne.

Ga yadda ake yi idan ana son ta daɗe. Kafin mota ta zo, a kawo masanin ƙasa ya yi awo da na'ura ya nuna inda ake sa ran ruwa. Kuskuren farko shi ne a bar mai faɗa-a-ji ya zaɓi wuri a ƙofar gidansa. Wurin ya yi nisan aƙalla mita 30 daga kowane masai ko juji, kuma ya kasance a samansu, ba inda ƙazanta ke gangarowa ba. A yi haƙa a ƙarshen rani, lokacin da ruwan ƙasa ya fi yin nisa. Wanda ya haƙa da damina zai ga ruwa da wuri ya tsaya, wata shida a gaba famfo ya riƙa jan iska.

A cikin yarjejeniya da ɗan kwangila a rubuta abu huɗu ƙarara: wa zai ɗauki asara idan rami ya fito ba ruwa, sai ya ba da takardar da ke nuna irin ƙasar da ya ratsa da zurfin kowace, sai ya zuba tsakuwa wankakkiya kewaye da bututu mai tsaga-tsaga, ya kuma toshe mitocin sama da siminti don kada ruwan sama mai datti ya sulale ta gefe, sai an yi gwajin jan ruwa na sa'o'i an auna yadda yake sauka da yadda yake komowa. A riƙe wani kaso na kuɗinsa har rijiyar ta ratsa rani ɗaya.

Sannan a kai ruwan ɗakin gwaji. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya: kada a sami ƙwayar E. coli ko ɗaya a mililita 100, fulorayid kada ya wuce miligiram 1.5 a lita, naitiret 50, arsenik 0.01. Ruwa yana iya zama garau a ido, amma idan fulorayid ya yi yawa a ciki ya lalata haƙoran yara. A kuma auna tsaminsa. Idan ma'aunin pH ya gaza 6.5 aka sa bututun ƙarfe mai rufin tutiya, cikin 'yan watanni ruwan zai yi ja da ɗanɗanon tsatsa, bututun ya huje, mutane su koma rafi.

Ɗan Auta:
Injiniya, wane famfo ya fi? Ina jin ana cewa India Mark II, ana cewa Afridev.

Injiniyan Ruwa:
Wanda ake samun kayan gyaransa a kasuwa mafi kusa, shi ya fi. Amma ga bambancin. India Mark II ƙaƙƙarfa ne, yana kai wa kimanin mita 50, sai dai idan roba ɗaya ta ci a ƙasa dole a zaro bututun gaba ɗaya, aikin makaniki ne da mutum uku ko huɗu. Afridev an ƙera shi ne don mutanen gari su gyara da kansu: da sifana ɗaya da ƙugiya za a ciro sandunan da bawul ba tare da an taɓa bututu ba. Zurfinsa kimanin mita 45.

Abubuwan da ke ci ƙanana ne: robar da ke tura ruwa, zoben roba, bawul, da bushin roba na hannun famfo. Ana canza su tsakanin wata shida zuwa shekara, gwargwadon yawan aiki. Idan aka bar bushin ya cinye, ƙarfe ya fara goga ƙarfe, to gyaran ya tashi daga ɗan abu ya koma sayen sabon kai.

Gwaji biyu ne kowa zai iya yi. A tuƙa sau 40 cikin minti ɗaya a cikin bokiti: lafiyayyen famfo zai ba da wajen lita 15, idan ya gaza 10 robar ta tafi. Sannan a bar shi rabin sa'a, a ƙirga tuƙi nawa kafin ruwa ya fito. Ya wuce biyar, akwai yoyo a bawul ɗin ƙasa ko a mahaɗar bututu. Kuma famfo ɗaya kada ya wuce mutum 500. Inda mutum dubu biyu suka dogara da shi, ba zai huta ba, ba kuma zai kai shekara ba.

Duk wannan na nufin sai da kwamitin masu amfani da ruwan, da 'yan kuɗin da suke tarawa duk wata, da mutum biyu da aka koya wa gyara, tun kafin a fasa ƙasa.

Malamin Ido:
Injiniya ya sauƙaƙa mini. Aikin ido ya fi dacewa da ƙaramin kulob domin ana iya farawa da kaɗan a faɗaɗa. Amma shi ma akwai inda ake ɓata shi.

Kayan aiki: allon gwaji mai harafin E da ke fuskantar ɓangarori huɗu, don wanda bai yi karatu ba ya nuna da hannu, igiya mai mita 6 daidai don auna tazara, abin rufe ido ɗaya, faifai mai ƙaramin huji, tocila, da littafin rajista. A rataye allon inda akwai haske, kada rana ta haske wa mutum fuska. Ido ɗaya bayan ɗaya, dama tukuna. Wanda bai iya karanta layin allon da aka yi wa lamba 6/12 ba, a sa ya leƙa ta hujin nan. Idan ganinsa ya ƙaru, yawanci tabarau na awo yake buƙata. Idan bai ƙaru ba, matsalar a cikin idon take, ko yanar ido ce ko wani abu, sai likita.

Tabarau na karatu shi ne abin da ɗan sa-kai da aka horar zai iya bayarwa. Daga shekara 40 gani na kusa yana raguwa ga kowa. Ana farawa da gilashi mai ƙarfin +1.00 a wajen shekara 40 zuwa 45, +1.50 zuwa 50, +2.00 zuwa 55, sama da haka +2.50. Wannan mafari ne kawai. A ba mutum rubutu ko zare da allura ya riƙe a tazarar santimita 40, a bar masa mafi ƙarancin ƙarfin da yake gani garau da shi. Mutane sukan zaɓi mai ƙarfi don ya fi ƙara girman abu, bayan kwana biyu ciwon kai ya sa su ajiye.

Abin da bai halatta ɗan sa-kai ya taɓa ba: yaro kada a ba shi tabarau na karatu daga kwali, ido ja mai zafi, ko gani da ya ɗauke farat ɗaya, ko farin tabo a ƙwayar idon jariri, a tura asibiti a ranar, mai ciwon sukari sai an duba masa bayan ido ko da yana gani lafiya. Kuma kada a raba maganin ɗigo barkatai. Mai sinadarin siteroyid a ciki yana iya tayar da hawan jinin ido, ko ya ƙara lalata idon da ke da gyambo.

Hajiya Ma'aji:
Malam, batun tara tsofaffin tabarau fa? Lions sun daɗe suna yi, suna da cibiyoyin tacewa.

Malamin Ido:
Suna yi Hajiya, da kyakkyawar niyya, amma ni ba na ba ƙaramin kulob shawarar shiga ciki. Tabarau na awo an yanka shi ne don mutum ɗaya: ƙarfin dama daban, na hagu daban, ga karkatar gilashi, ga tazarar idanu. Wani bincike da aka wallafa a 2012 ya duba guda 275 da aka tara, kashi 7 cikin ɗari ne kawai suka amfanu, kuma da aka haɗa kuɗin wanki da awo da jigila sai kowanne ya fi sabo tsada. Gara a sayi sababbi na karatu a sari.

Babban laifin da nake gani a wannan aiki shi ne a tara mutum ɗari uku, a gaya wa arba'in suna da yanar ido, a naɗe rumfa a tafi. An tayar musu da hankali ba a yi musu komai ba. Kafin a sa rana, a zauna da asibitin da zai yi tiyata, a san mutum nawa zai ɗauka a mako, wa zai kai su, wa zai dawo da su dubawa washegari da kuma bayan 'yan makonni. Idan kuɗin tiyatar mutum goma kulob ke da shi, ya tsara taronsa daidai da hakan.

Injiniyan Ruwa:
Malam, a nan zan ɗan ja da kai. Ka sa mutum ya gani, amma ruwan da ɗansa ke sha yana sa shi gudawa. Idan aka bi sauƙi kawai, babu kulob da zai taɓa ruwa.

Malamin Ido:
Ban ce har abada ba, Injiniya. Kai da bakinka ka ce shekara goma. Kulob da bai riƙe littafin rajista na shekara biyu ba, da me zai riƙe rijiya?

Injiniyan Ruwa:
To mu haɗu a tsakiya. Maimakon sabuwar haƙa, su zagaya su ƙirga famfunan da suka mutu a yankinsu. Da yawa ramin lafiya lau yake, roba ce ko sanda ta tsinke. Kuɗin rijiya sabuwa ɗaya zai tayar da matattu da dama. Sai dai a fara tambayar abin da ya kashe kowane famfo. Idan rashin kwamiti ne, gyara ba tare da kwamiti ba zai sake mutuwa a daidai wurin.

Sista Mai Jinya:
Ku ba ni wuri in sa na uku, wanda kusan ba ya cin kuɗi: gangamin ba da jini. Aikin kulob a nan shi ne kawo mutane, da wuri mai inuwa, da kujeru, da abin sha. Ɗibar jini da gwaji aikin hukumar jini ne ko asibiti mai lasisi, kuma su za a fara tambaya leda nawa za su iya karɓa. Jini yana zama ne a firji tsakanin digiri 2 zuwa 6, kwana 35 zuwa 42 gwargwadon ledar. An tara leda ɗari inda firjin ke ɗaukar arba'in, sauran zubarwa za a yi.

Mai bayarwa: shekara 18 zuwa 65, nauyi aƙalla kilo 50, ƙarfin jini a ƙasashe da yawa kada ya gaza 12 ga mace, 13 ga namiji. Ana ɗibar mililita 450, wajen minti goma, ya huta kwata na sa'a. Masu faɗuwa yawanci waɗanda suka zo da yunwa ne ko suka miƙe da sauri, don haka a sanar tun a gayyata cewa a ci abinci a sha ruwa. Kowace leda sai an gwada ta don ƙanjamau, ciwon hanta nau'in B da C, da tunjere. Sakamakon tsakanin mutum ne da ma'aikacin lafiya. Ko shugaban kulob ba shi da hurumin gani, kuma kada a yi tambayoyin tantancewa inda na kusa zai ji, don mutum zai ɓoye gaskiya saboda kunya.

Amfanin ya fi yawa idan aka riƙe sunayen waɗanda suka yarda a sake kiransu, namiji bayan kamar wata uku, mace bayan huɗu.

Hajiya Ma'aji:
Kowanne aka zaɓa, kuɗi ne ke rusa kulob, kuma ba sai an yi sata ba. Zargi kaɗai ya isa. Asusu biyu ake buɗewa. Na farko na kuɗin mambobi, da shi ake biyan wurin taro da takardu da kason uwar ƙungiya. Na biyu na kuɗin da aka tara daga jama'a, kuma a dokar Lions wannan dole ya koma ga jama'a gaba ɗaya, ba a taɓa shi don hidimar kulob. Sa hannun mutum biyu a kowane fitar kuɗi, kada su zama 'yan gida ɗaya. Wanda ke riƙe da littafi ba shi zai duba takardar banki ba, wani daban ne, duk wata, a karanta a gaban taro. Sayayya mai nauyi a nemi farashi daga wuri uku. Idan ɗan kulob ne ke son kwangilar, ya faɗa a fili ya fita daga ɗakin kafin a yanke.

Wani ramin kuma shi ne shugabancin shekara ɗaya. A Rotary da Lions duka, shekara tana farawa 1 ga Yuli ta ƙare 30 ga Yuni. Tsarin yana da kyau don ba wanda zai mayar da kulob gadonsa, amma kowane sabon shugaba yana son abin da za a ce nasa ne, sai a yi watsi da na bara. Maganinsa a rubuta shiri na shekara uku, a sa shugaba mai jiran gado cikin kwamitin ayyuka tun kafin ya hau, a kuma ware kason kula da tsofaffin ayyuka a kasafi kafin a yi maganar sabo.

Ɗan Auta:
Alhaji, tallafin da ake cewa uwar ƙungiya tana bayarwa fa? Ba zai ɗauke nauyin rijiyar ba?

Tsohon Magatakarda:
Yana iya ɗauka, amma ba a shekarar farko ba. Gidauniyar Rotary ta faro ne a 1917 da shawarar Arch Klumph, kuma gudummawar farko da ta shiga dala 26 ce da santi 50. Yau tana da tallafi iri-iri. Na gunduma, wato rukunin kulob-kulob na yanki ɗaya, ƙarami ne, shi ya dace da sabon kulob. Babban, wanda ake kira na duniya, kasafin aikin ba ya gaza dala 30,000, sai da abokin haɗin gwiwa daga wata ƙasa, sai kulob ya halarci horo kan sarrafa tallafi ya sa hannu a yarjejeniya, sai an yi binciken buƙatun al'umma a rubuce, da asusu na musamman, da rahoto duk wata goma sha biyu, a kuma adana rasidai shekara biyar. Kulob da ya makara da rahoto ana rufe masa ƙofar wani tallafin, abokin haɗin gwiwarsa ma abin ya shafe shi. Lions su ma suna da tasu gidauniyar tun 1968.

Dubi yadda aikin shan inna ya tafi. A 1979 Rotary ta fara da ƙasa ɗaya, Filifin, da shirin yi wa yara miliyan shida riga-kafi. Sai 1985 aka ƙaddamar da PolioPlus, shirin Rotary na yaƙi da cutar a duk duniya, a 1988 aka haɗu da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF da hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka. Lokacin cutar tana shanye yara kimanin 350,000 a shekara a ƙasashe 125. A watan Agustan 2020 aka tabbatar Afirka ta rabu da ƙwayar ta daji, saura Afganistan da Pakistan kaɗai. Fiye da shekara arba'in ke nan a kan abu guda, shugabanni suna sauyawa duk Yuli.

Sista Mai Jinya:
Alhaji, tunda kai ne mai alƙalami, faɗa masa abin da zai rubuta. Kulob da yawa idan sun cika shekara ashirin da biyar aka zo haɗa tarihinsu, sai a tarar ba abin da ya rage sai hotuna marasa kwanan wata.

Tsohon Magatakarda:
Haka ne, Sista. Littafi biyu. Na taro: rana, waɗanda suka halarta, abin da aka yanke, wa aka ɗora wa, zuwa yaushe. Ba a rubuta gardama, hukunci kawai. Na ayyuka: kowane aiki da shafinsa, wurin da lambobin taswira daga waya, abin da aka kashe, sunan muƙamin wanda ke kula da shi a can, sannan a bar layuka a ƙasa don ziyarar wata shida, shekara ɗaya, shekara biyu. A kowace ziyara a rubuta abin da aka tarar, lita nawa famfo ya bayar a tuƙi 40, mutum nawa cikin waɗanda aka tura tiyata suka je. Bayan kowane hoto a rubuta rana da wuri, wanda ke cikin waya kuma a sauya masa suna da kwanan wata. Takardar shaidar kafa kulob da jerin mambobin farko a ɗauki hotonsu a ajiye a wuri biyu. Ranar miƙa mulki sakatare mai barin gado ya miƙa littattafan hannu da hannu a gaban taro, da kalmar sirrin imel ɗin kulob, a rubuta a littafin taro cewa an karɓa.